A Wane Titi Aka Buge Inna?

Zuwa ga ƙanena, Tela,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da mai ɗakinka da yara, ina kuma yi wa Inna sannu da jiki. Allah ya tashi kafaɗunta, ya sa kaffara ne.

Na koma takarda ne domin waya ta gaza mu. Sau huɗu na kira ka a makon nan, sau huɗu layi yana lalacewa daidai lokacin da na zo kan tambaya guda. In ina tambayar lafiyar yara, muryarka tangaran kamar kana bakin ƙofata. Da na ce "a ina motar ta same ta?" sai ka fara "Yaya? Yaya? Ba na jin ka." Shekara goma sha ɗaya ina ƙasar mutane, ban taɓa ganin layi mai zaɓen tambaya ba sai naka.

Na fahimci buƙatarka. Majalisar gari ta kafa allon taƙaita gudun mota zuwa kilomita talatin a titinmu na gwajin wata shida, kuma ƙarshen watan nan za ta zauna ta yanke ko a bar shi ko a tuge. Kana so in rubuta musu takarda a matsayina na ma'aikacin motar asibiti a birnin da ya daɗe da rage gudu, ka karanta a zaman. Ka kuma ce tun da aka kafa allon ba a rubuta hatsari ko ɗaya a titinmu ba.

To ga abin da na sani. Shekara huɗu ke nan da aka mayar da gudu a cikin garin nan da nake zuwa talatin. Kiran da muke samu bai ragu can ba, kada wani ya ruɗe ka. Abin da ya sauya shi ne abin da muke tararwa a ƙasa. A da, in mun isa, sau da yawa mayafi muke fara cirowa. Yanzu mutum muke samu yana zage-zage. Ya zagi direba, ya zagi dangin direba, ya zage ni don na yanka masa wando, sannan ya tambayi ina wayarsa. Ni kuwa babu abin da kunnena yake so kamar zagin nan. Amma titunan da aka kafa allo aka juya baya, babu tudun rage gudu babu mai sa ido, can mayafi yana nan yana aikinsa.

Wannan zan iya sa hannu a kai. "Ko ɗaya" ne ba zan iya ba. Titin da ke da makaranta a kai, da tasha a gindi, da masu babur kamar ƙudaje, a ce wata shida ko gwiwar wani ba ta ƙuje ba? Ni da nake kwasar mutane ban taɓa ganin irin wannan titi ba.

Sai kuma takardar asibitin da ka turo mini hotonta. A gurbin wurin da aka ɗauko mara lafiya an rubuta titin kafintoci. Me ya kai Inna titin kafintoci da ƙarfe takwas na safe? Matar da ƙurar katako ke tayar mata da tari tun muna yara, wadda gwiwa ba ta barin ta ta wuce gidan ƙawarta mai sabulu a tsallaken ƙofarmu?

Amsa mini wannan, in ɗauki biro.

Ka gaida kowa. Ka riƙe hannun Inna ka ce daga ni ne.

Yayanka.

* * *

Zuwa ga Yayana mai daraja,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda ya kamaci ƙani, ina sanar da kai cewa takardarka ta iso, kuma na karanta ta da natsuwa duk da abin da ke cikinta. Jikin Inna da sauƙi. An yi aikin ƙugu lafiya. Ƙafafun ne har yanzu ba ta jin su, likitan ƙashi ya ce a ƙara haƙuri.

Game da tambayarka, Inna ta je titin kafintoci ne kan maganar wata kujera. Iyakar abin da zan ce ke nan, kuma haka yake a rubuce.

Yaya, ina roƙonka ka dubi girman abin da ke gabanmu. Shekara shida ina sakataren kwamitin titin nan. Takarda arba'in da ɗaya na rubuta wa majalisa da hannuna, ina rufe shago ina bin ofis-ofis, masu ɗinki suna zagina. Kai ka san abin da ya sa. Ka san inda tirela ta ajiye Baba, taku goma sha biyu daga ƙofarmu. Kai ka tafi bayan wata uku, ban ce ka yi laifi ba. Ni kuwa kullum sai na taka wurin nan kafin in buɗe shago. Shekarar da ta gabaci allon nan mutum huɗu muka binne daga titin nan. Tun da aka kafa shi ba mu binne kowa ba. Wannan ba ƙarya ba ce, ka tambayi duk wanda ka so.

Yanzu wata sabuwa ta taso. Injiniyan majalisa ya kawo rahoto cewa a wata shidan nan an samu hatsari shida a titin kafintoci, inda a da ba ya wuce ɗaya. Ya ce allon bai hana komai ba, direbobi ne kawai suka guje wa titinmu suka koma na baya da gudunsu, wato mun kwashe masifarmu mun zuba wa maƙwabta. Ƙungiyar direbobi ta riƙe maganar nan da hannu biyu. In ba mu kawo shaida daga waje ba, allon nan ya tafi.

Layi biyar kawai nake nema, Yaya. Ba bincike na nema ba. Wanda yake nesa yana da lokacin bin kowace kalma da fitila, mu da muke nan aiki ya yi mana yawa.

Ka yafe mini in harshena ya yi tsawo.

Ƙaninka mai biyayya,
Tela.

* * *

Autar Inna,

Sallama da gaisuwa. Yaya maigidan naki, yaya jinya? Na san kusan duk nauyin asibitin a kanki yake, Allah ya biya ki.

Yayanki Tela ya aiko mini da wasiƙa irin wadda yake aika wa majalisa, saura kaɗan ya buga mata hatimi. Tun yana yaro, in ya fasa abu, sai ya koma magana kamar alƙali. Ke kuwa ba ki iya ɓoye komai ba, ko goro kika sata sai kin zo kin nuna mana jan haƙori. Shi ya sa na zo gare ki.

Wace kujera ce Inna ta je nema titin kafintoci? Wa ya kira motar asibiti, kuma minti nawa bayan bugun? Sannan ki duba mini hannayen Inna da hammatarta, ki gaya mini ko akwai shatin yatsu.

Ba faɗa nake nema ba. Na gaji da zama baƙo a gidan ubana, wanda ake ba labari bayan an tace shi.

Ki gaida mutanen gidanki.

Yayanki Babba.

* * *

Yaya Babba na kaina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai kewarka. Wallahi ka ɗora mini kaya. Kwana biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. In Yaya Tela ya ji, na shiga uku, amma shatin yatsun da ka ce in duba suna nan, har sun koma kore. Ta yaya ka sani?

Kujera kam akwai ta. Farar kujerar roba ce ta shagon Yaya Tela, wadda masu jiran ɗinki ke zama a kai. Ba nemanta Inna ta je ba, a cikinta aka kai ta.

Bari in faro maka daga tushe. Sati biyu da kafa allo wani mai babur ya goge da tasi a gaban makaranta, ƙafarsa ta yage. Mutanen kwamiti suka ce shi ke nan, tun ba a je ko'ina ba za a ce allo bai yi aiki ba. Sai wani mai wayo ya tuna cewa ma'aikacin motar asibiti inda ya ɗauki mutum yake rubutawa, ba inda aka buge shi ba. Aka tallafi mai babur, ya bi lungun nan na bayan gidanmu yana ɗingishi, aka zaunar da shi a titin kafintoci, sannan aka kira mota. Ya warke sarai. Daga nan abin ya zama aiki. Da an ji ƙarar birki sai ka ji ana "kujera, kujera!" Mai motar da ya yi bugun ma sai a ce ya zagaya ya tsaya can, shi kuwa don tsoro, ko kogi aka ce ya shiga zai shiga.

Ka ce kafintoci fa? Ranar da aka kai musu mutum na biyu shugabansu ya fito da fensir a kunne ya ce, "Sakatare, mu gado da ƙofa muke gyarawa. Yaushe muka fara karɓar mutane?" Yaya Tela ya ja shi gefe suka yi ƙus-ƙus. Sai ga mutumin ya dawo yana washe baki, wai, "Ku yi ta kawowa. In sun kai goma, mu ma a ba mu namu allon." Har benci ya ware musu a inuwa.

Cikin shidan da injiniya ya ƙirga, ɗaya ne nasu na gaskiya. Biyar namu ne, Inna ce ta biyar. Motar burodi ce ta same ta tana tsallakawa gidan mai sabulu. Ni ban ga ɗaukar ba. Na iso na tarar da matar Yaya Tela tana wanke bakin titi da bokiti, takalmin Inna ɗaya yana cikin kwata. Na ce, "Ina Inna?" Ta ce, "Tana wajen kafintoci." Na ce, "Gyaran me?" Sai ta fashe da kuka.

Minti nawa, ban sani ba. Mai sabulu ta ce ba su kai ashirin ba.

Yaya, kada ka cinye shi ɗanye. Ya rame, wuyansa kamar na kaza. Kullum yana zuwa asibiti ya tsaya a bakin ƙofa, ba ya iya shiga sai Inna ta yi barci. Ita kuma ko na tambaye ta sai ta ce, "A titin kafintoci aka buge ni, ke kurma ce?"

Na faɗa, na huta. Allah ya rufa mana asiri.

Autarku.

* * *

Tela,

Sallama. Gaisuwata a taƙaice take yau, ka karɓe ta haka.

Na san maganar kujera. Kada ka nemi wanda ya gaya mini, jikin Inna ne ya faɗa.

Bari in gaya maka abin da ake koya mana a makon farko na aikin nan, tun kafin a ba mu riga. Wanda mota ta buga, ƙashin bayansa yana iya tsagewa bai goce ba. Lakar da ke ciki tana nan lafiya, kamar zare a cikin allurar da ta tsage. In aka bar shi a kwance har a ɗaure wuya, a sa shi a kan katako, yana iya tashi da ƙafarsa. In aka kama hammata aka naɗe shi a kujera, aka bi lungu ana tsallake kwata, kai tela ne, ka san abin da ke samun zaren.

Mutum huɗu kuka yi wa haka Allah ya rufa asiri, sai kuka ɗauka dabara ce. Ta biyar ita ce matar da ta haife mu. Don a ce Sakatare ya yi nasara? Don takarda ta yi fari?

Kuma dubi abin da wayon ya haifa. Da hannunku kuka rubuta wa injiniya rahotonsa. Mutumin bai yi ƙarya ba, ku kuka kai masa hatsarin nan ɗaya bayan ɗaya a kan kujera. Kuna da gaskiya mai kyau a hannu kuka jefar: mutum biyar mota ta buga a titinmu cikin wata shida, kuma dukansu suna numfashi. Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗaya, motar burodi ta same ta a ƙugu, ta rayu. Da gudun da ake yi a da ne, da ta'aziyya nake rubuto maka. Allon nan ya ceci Inna, ba na shakka. Ban ce biyar a wata shida hujja ce da za ta rufe bakin kowa ba, ƙidaya ce ƙarama. Amma ta gaskiya ce, kuma ba ta buƙatar a ɗauki kowa a kujera.

Ga takardar da ka nema, na haɗo ta. Na rubuta abin da na gani a nan. Na kuma rubuta cewa biyar daga cikin shidan titin kafintoci namu ne, da yadda aka yi suka koma can. Ban ambaci sunan kowa ba. Ko ka karanta ta duka, ko ka yaga ta duka. In na ji an tsallake sakin layi na biyu, zan aika wa majalisa da kaina.

Saura tambaya ɗaya, kuma ina so ka amsa ta kamar kana gaban Allah. Ba zan iya rantsuwa cewa kujerar ce ta kashe ƙafafun ba, mai yiwuwa motar ta riga ta gama. Kafin ku ɗaga ta, tana motsa ƙafa?

Yayanka.

* * *

Yaya,

Wa alaikumus salam.

Tana motsawa. Tana ta shafa ƙasa da ƙafar hagu tana neman takalminta.

Ina kan keke ina ɗinki na ji ƙarar. Na fito na gan ta kwance, idonta biyu, ko taku uku babu tsakaninta da inda Baba ya faɗi. Na ciro waya zan kira mota. Wallahi waya na ciro, Yaya, ba kujera ba. Ta damƙi rigata ta ce, "Kada a rubuta ni a nan." Na ce, "Inna, ki bari mota ta zo." Ta ce, "Ubanku ya ishi titin nan. In aka tuge allon nan saboda ni, ban yafe ba." Na ce, "Inna." Ta ce, "Ni na haife ka ko kai ka haife ni? Ɗauko kujerar."

Ni da mai wankin titinmu muka ɗauke ta. Tana ta salati tana cewa bayanta, bayanta. Da muka zo kwatar tsakiyar lungu, mai wanki ya tsallaka, ni na yi tuntuɓe kaɗan. Ta yi ƙara sau ɗaya. Sai ta ce, "Yawwa, ciwon ƙafar ya tafi." Na ce alhamdu lillahi. Da bakina na faɗa, Yaya, har na ji daɗi.

Na ɓoye maka ne don kada ka ga laifinta. Gara ka ga nawa. Ka ce don a yabi Sakatare na yi. Ka faɗi duk abin da ka so, ban da wannan.

Takardarka tana aljihuna. In na karanta, mutanen da suka ɗauki kujerar nan tare da ni za su ce na tona su. Direbobi za su yi mana dariya. Majalisa tana iya cewa maƙaryata ba su cancanci allo ba, kuma in aka tuge shi, ka ji abin da Inna ta ce. Ban san abin da zan yi ba.

Ƙaninka.

* * *

Ƙanena,

Sallama, da gaisuwa cikakkiya wannan karon.

Na so ka yi mini ƙarya a tambayar nan. Na gode da ba ka yi ba.

Maganar yabon Sakatare na janye ta, ka yafe mini. A wurin aiki kullum ina ce wa masu rauni a'a, har da masu roƙo da masu tsinuwa. Amma baƙi ne, ce wa baƙo a'a ba wuya. Da Inna ce ta damƙi rigata, ban san me zan yi ba. Ga kuma nawa laifin: shekara goma sha ɗaya ina aikin nan, ina kiran waya ina tambayar lafiyar kowa, ban taɓa ɗaukar minti biyar na koya maka abin da ke cikin layukan nan ba.

In mota ta bugi mutum, ka durƙusa ta wajen kansa. Tafi ɗaya a kowane kunne. Kada ka ja, kada ka miƙar, kada ka ba shi ruwa. Ka sa wani ya tare motoci, wani ya kira asibiti. Ka yi ta yi masa magana, kuma kada ka saki sai mai rigar asibiti ya karɓe ka.

Takardar tana nan yadda take. Ban yi maka alkawarin za a bar allon ba. Majalisu na gani sun yi abin da ya fi wannan wauta.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.

Yayanka.

* * *

Yaya,

Sallama. A gurguje nake.

Zaman majalisa jibi ne. Yau da hantsi tasi ta bugi tsohon malamin makarantar nan mai keke, a gaban shagona. Kafin in fito har an kawo kujera. Na durƙusa na riƙe kansa. Minti talatin da biyar. Mai wanki ya ce na haukace, wani ya ce direbobi sun saye ni, shugaban kafintoci ya leƙo ta lungu yana tambayar ko a share benci. Ban saki ba. Malam yana motsa ƙafafunsa duka biyu.

Labari ya riga ni isa asibiti. Inna ta juya fuskarta bango, ta ce wa Auta ta gaya wa "mutumin nan" ya fita.

Jibi zan karanta, har da sakin layi na biyu.

Ma'aikacin motar ya tambaye ni sunan titi sau biyu, wai shi bai taɓa ɗaukar kowa a nan ba. Na faɗa masa sau biyu.

Ka sa mu a addu'a.

Tela.